Annoba Tsakanin Mumbari da Kujerar Mulki: Darasin Korona a Ƙasar Safana da Batsari



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya tara mu a nan cikin rai da lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni na ƙasar Yarima da ƙasar Ruma, malamanmu limamai da alarammomi, ma'aikatan lafiya, iyayenmu mata, 'yan'uwana matasa, ina gaishe ku da gaisuwar girmamawa.

Batun da aka ɗora mini shi ne yadda addini da siyasa ke sarrafa tunanin jama'a idan annoba ta sauka. Batu ne mai nauyi, domin ya taɓa mutum biyu da Bahaushe ba ya son a yi musu karan tsaye: malaminsa da shugabansa. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun binne mutane, kuma wata annobar za ta sake zuwa, ko ta same mu ko ta sami 'ya'yanmu. Saboda haka zan faɗi abin da na fahimta, tare da ganin girman kowa.

Maganata duka a kan abu ɗaya take. Ranar annoba, jama'a mai kawo labari suke aunawa kafin su auna labarin. Wanda ya tara amana tun kafin ranar, shi ake saurare, ko da kuskure ya faɗa. Wanda ya ɓarar da amanarsa kuwa, ko gaskiya tsantsa ya kawo, sai a juya masa baya. A ƙasarmu malami ne ke riƙe da kunnen jama'a, hukuma kuma ke riƙe da doka da magani da kuɗi. Duk ranar da waɗannan biyu suka raba hanya, talaka ne ke biya da ransa.

Wa ya faɗa?

Gobara ana ganin hayaƙinta. Ambaliya ana ganin ruwanta. Ɓarayin daji ana jin ƙarar baburansu tun daga nesa. Annoba irin korona kuwa ƙwayarta ba ta ganuwa sai da na'ura a ɗakin gwaji, kuma alamunta sun yi kama da na mura da zazzaɓin da muka saba da su. Manomin Runka ko mai awon hatsi a kasuwar Batsari ba shi da hanyar da zai tabbatar da ita da kansa. Duk abin da ya sani game da ita ji ya yi: daga rediyo, daga huɗubar Juma'a, daga majalisar mai shayi, daga saƙon murya a WhatsApp. Dole ke nan ya zaɓi wanda zai gaskata, kuma da abin da ya gabata yake yin zaɓin. Wane ne ya zo ta'aziyya ranar da aka kashe ɗan'uwansa? Wane ne ya yi masa alkawari ya cika? Wane ne ya taɓa yaudararsa?

Wannan ba jahilci ba ne, kuma ina roƙon 'yan boko daga cikinmu mu daina kiran sa da wannan suna. Ko farfesa a jami'ar Dutsin-Ma, in ba fanninsa ba ne, dogara yake yi da maganar wanda ya amince da shi. Bambancin kawai shi ne wanda kowa ya ba wa amanar. Idan mun fahimci haka, za mu gane abin da ya faru a jiharmu a 2020.

Shekarar 2020 a idon mutumin Safana

A ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da korona a Najeriya, a jikin wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. Mako biyu kafin wannan, a ranar 14 ga Fabrairu, 'yan bindiga sun shiga Tsauwa da Dankar a ƙaramar hukumar Batsari, suka kashe mutum 30, suka ƙone gidaje da rumbuna. Da wannan makoki a zuciya mutanenmu suka fara jin sunan sabuwar cuta.

A ƙarshen Maris gwamnatin Jihar Katsina, ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari, ta dakatar da tarukan jama'a har da sallar Juma'a. A ranar Juma'a 27 ga Maris wani malami a Kusada ya ja jam'i duk da hanin, 'yan sanda suka tafi da shi. Washegari Asabar matasa suka yi gangami suka ƙone ofishin 'yan sandan garin. A lokacin ba a bayyana ko mutum ɗaya mai ɗauke da cutar a faɗin jihar ba. A idon waɗannan matasa, an rufe masallaci saboda abin da ba wanda ya gani, kuma an sa hannu a kan malaminsu. Ƙone ofis laifi ne, ba ni da wani uzuri da zan ba shi. Amma mu lura da hanyar da dokar ta bi ta isa Kusada: ta hannun ɗan sanda ta isa ga jama'a, kafin ta zauna a zuciyar liman.

Ba a yi mako biyu ba gwamnati ta ɗage hanin Juma'a bayan zama da malamai da sarakuna. A daidai waɗannan kwanaki aka sanar da cewa korona ce ta yi ajalin wani likita a Daura. Daga nan dokar kulle ta fara bin ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya, daga Daura zuwa maƙwabciyarmu Dutsin-Ma zuwa birnin Katsina. An hana lokacin da ba a ga cuta ba, an sake lokacin da ta shigo, sannan aka koma aka kulle. Mutumin ƙauye da ke bin wannan a rediyo sai ya yanke hukuncin cewa matsin lamba ne ke juya dokar, kuma abin da matsin lamba ke juyawa ba ya kama da maganar likita.

Sai ranar Asabar 18 ga Afrilu. A ranar aka yi jana'izar Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, a maƙabartar Gudu da ke Abuja, bayan korona ta yi ajalinsa, Allah ya jiƙansa. Ƙasa duka ta ga cincirindon manya a gefen kabari, alhali an hana talaka taro. A daren wannan Asabar ɗin 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka a Safana da Dutsin-Ma da Danmusa, kuma 'yan sanda da bakinsu suka tabbatar da kisan mutum 47. Da yawa a cikin wannan ɗaki sun san waɗanda aka kashe da sunayensu.

Ku duba saƙonnin da ake aiko wa jama'a a wannan lokaci. A zauna a gida, ga mutumin da ke kwana a daji saboda gida ya zama wurin haɗari. A bar tazara, ga 'yan gudun hijirar da suka cunkushe a azuzuwan makaranta da gidajen dangi, wasu ma sun tsallaka har jihar Maraɗi. A yawaita wanke hannu, ga matar da ba ta iya zuwa rijiyar bayan gari saboda tsoro. Shawarwarin duka daidai ne a ilimin likitanci. Sai dai wanda ya aiko su shi ne wanda jama'a ke bi bashin tsaro. Sulhun da gwamnatin jiha ta yi da 'yan bindiga a 2019 ya riga ya wargaje. A watan Yuni matasan 'Yantumaki suka tare hanya suna zanga-zanga bayan an kashe hakiminsu. A ranar 11 ga Disamba aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, sama da 300. Shi ya sa kalmar da ta fi yawo a bakin mutanenmu a wannan shekara ita ce: mu koronarmu tana daji. Wannan ƙorafi ne na siyasa, amma a kan cutar ya sauka, ya zama musun samuwarta.

Tsohon tabo

Zargin da jama'a suka yi wa korona da rigakafinta yana da asali. A 1996 annobar sanƙarau ta mamaye Arewa, ta kashe sama da mutum 11,000. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Kano ya gwada sabon magani mai suna Trovan, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran, amma a 2009 ya amince ya biya dala miliyan 75 don a sasanta shari'ar da Jihar Kano ta shigar.

Shekara bakwai bayan gwajin, a 2003, aka fara yaɗa cewa rigakafin shan inna na ɗauke da sinadarin hana haihuwa. Dakta Datti Ahmad, likita kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci, yana cikin waɗanda suka ɗaga muryar zargin. Lokaci ne na yaƙin Iraƙi, zukatan Musulmi cike da fushin Amurka, kuma tsakanin Arewa da gwamnatin Obasanjo akwai rashin yarda. Gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin har zuwa Yulin 2004, lokacin da aka kawo wani daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Kafin nan cutar ta riga ta bazu, daga baya har ta koma ƙasashe kusan 20 da suka rabu da ita. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano.

Amma labarin shan inna bai ƙare a nan ba, kuma ƙarshensa ne darasin. Daga 2009 sarakunan Arewa, ƙarƙashin Mai alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, suka ɗauki aikin a matsayin nasu. Sarki ya ɗiga wa jikansa a bainar jama'a, hakimi ya kira dagatai, mai unguwa ya bi ma'aikata gida gida, liman ya yi bayani bayan sallah, matan unguwa suka shiga ɗakunan da namiji ba ya shiga. Maganin bai sauya ba, bakin da ke kawo shi ne ya sauya. A ranar 25 ga Agusta 2020, ana tsakiyar korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna. Hanyar da ta kai mu ga wannan nasara tana nan a hannunmu a watan Maris na 2020, amma aka fara da doka da 'yan sanda.

Me addini ya ce?

Ya malamaina, ku kuka fi ni sanin wannan babi, tunatarwa kawai zan yi. A shekara ta 18 bayan Hijira annobar Amwas ta ɓarke a ƙasar Sham. Sayyadina Umar yana kan hanyarsa ta zuwa can, ya isa wani wuri da ake kira Sarg, aka tarbe shi da labarin. Bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya kira Muhajirai ya nemi shawararsu, suka saɓa. Ya kira Ansar, su ma suka saɓa. Ya kira dattawan Ƙuraishawa, suka haɗu a kan a koma. Da ya sanar da komawa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, shi kuma ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da abin da ya ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na hana shiga garin da annoba ta faɗa da hana fita daga cikinsa. Wannan shi ne killacewa, ƙarni goma sha huɗu da suka wuce. Annobar ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, har Amru ɗan Asi ya umarci mutane su watsu cikin duwatsu, cutar ta lafa.

Abu biyu nake so mu ɗauka. Na farko, annoba ba ta tsallake salihai. Waɗanda ta kashe a Sham sun fi mu imani nesa ba kusa ba. Na biyu, halifa da kansa, da duk kwarjininsa, sai da ya zauna da rukuni uku na jama'a kafin ya ba da umarni. Wannan darasi ne ga masu mulki kafin ya zama darasi ga malamai.

Hafiz Ibnu Hajar, wanda annoba ta ɗauke masa 'ya'ya, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan batu, mai suna Bazlul Ma'un. A ciki ya ba da labarin yadda mutanen Alƙahira suka fita fili suka yi gangamin addu'a a annobar shekara ta 833 bayan Hijira, sai mace-mace suka ninka bayan taron. A fiƙihunmu kuma an san uzurorin barin Juma'a da jam'i, kamar ruwan sama mai tsanani da tsoro da rashin lafiya. A nan ƙasar Hausa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, bai ga saɓani tsakanin tawakkali da neman lafiya ba.

Da wannan gado manyan cibiyoyin Musulunci suka yi aiki a 2020. Saudiyya ta dakatar da Umara, muka ga filin ɗawafi fayau. Hajjin 2020 mazauna ƙasar 'yan ƙalilan ne suka yi shi, na 2021 aka taƙaita ga mutum 60,000, maniyyatanmu suka zauna gida shekara biyu. Jama'atu Nasril Islam ta ba da umarnin dakatar da tarukan tafsiri da tarawihi a masallatai a azumin 2020, malamai da yawa suka koma karatu ta rediyo da intanet. Waɗannan sun cancanci yabo, domin wasunsu sun sha zagi daga mabiyansu.

Sai dai an sami waɗanda suka zame. Wani babban malami mai ɗimbin mabiya a Jos ya hau mumbari a watan Maris ya ce cutar ƙarya ce, makirci ne na hana Musulmi ibada. Daga baya ya bi umarnin hukuma, amma faifan farko ya riga ya shiga kowace waya, na biyun kuwa bai yi wannan tafiyar ba. Abin bai tsaya ga Musulmi ba: wani fitaccen fasto daga Legas ya danganta cutar da fasahar sadarwa ta 5G, har hukumar kula da kafofin watsa labarai ta Birtaniya ta hukunta tasharsa. A Nijar ma rufe masallatai ya jawo tarzoma a Yamai a watan Afrilu, kafin a sake buɗe su a ranar 13 ga Mayu.

Kuskuren a ganina ɗaya ne. Malami yana da hurumin faɗin hukuncin sallah idan akwai annoba. Amma ko akwai annobar ko babu, da yadda take yaɗuwa, wannan tambaya ce ta likita, kuma addininmu ya umarce mu da komawa ga masana a kan abin da ba mu sani ba. Duk lokacin da malami ya amsa tambayar likita da rigar fatawa, mabiyinsa zai ɗauka cewa sa takunkumi raunin imani ne.

Inda siyasa ta ɓata ruwa

'Yan siyasa ma sukan ari rigar malamai idan ta yi musu amfani. A 2017 sanƙarau ya sake ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu. Gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya ce zunuban mutane ne suka jawo azabar. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya mayar masa da martani a bainar jama'a, cewa abin da ake buƙata shi ne a nemo allurar rigakafi. Kira zuwa ga tuba alheri ne a kowane lokaci. Amma idan ya fito daga bakin wanda ke riƙe da kasafin kuɗin lafiya, a madadin allura, ya zama hanyar ɗora wa mamaci laifin mutuwarsa.

A zamanin korona mun ga wasu nau'o'in. A watan Afrilu 2020 maƙabartun Kano suka cika, dattawa da malamai da farfesoshi suna faɗuwa, hukumomin jihar suka yi ta danganta abin da wasu cututtuka. Sai a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa an ƙirga mace-mace 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da alaƙa da korona. Gwamnan Kogi Yahaya Bello ya daɗe yana musun samuwar cutar a jiharsa. Gwamnonin Arewa suka yi ta loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, wasu aka gwada su bayan sun isa aka same su da cutar. Yaran da ba su san hawa ba balle sauka suka zama kayan jifa tsakanin jihohi. An yi gangamin zaɓen gwamna a Edo da Ondo da dubban mutane kafaɗa da kafaɗa. A watan Oktoba jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Jos da Kaduna da Legas da wasu garuruwa, suka tarar da kayan tallafin korona jibge, watanni bayan an kulle mutane da yunwa. Da rigakafi ya iso a ranar 2 ga Maris 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya karɓi tasa allurar a gaban kyamara, wanda abu ne mai kyau; amma a Disamban shekarar aka lalata allurai sama da miliyan 1 a Abuja, waɗanda ƙasashen waje suka ba da kyauta dab da ƙarewar wa'adinsu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara faɗin tsagar da jita-jita ta bi. Wanda ya ce korona hanyar cin kuɗi ce ya yi kuskure a kan cutar, amma hujjojinsa a kan masu mulki ba daga kansa ya ƙirƙiro su ba.

Abin da ya biyo baya

Rashin yardar bai tafi tare da korona ba. Alƙaluman hukuma sun nuna korona ta kashe sama da mutum 3,100 a Najeriya, ban da waɗanda aka binne ba gwaji. Amai da gudawa a 2021 kaɗai ya kashe sama da 3,500, kuma Katsina na cikin jihohin da ya fi taɓawa. A watan Satumban wannan shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu saboda tsaro, har da Safana da Batsari, ma'aikacin asibitin ƙauye ya rasa hanyar kai rahoton gaggawa. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, ya fi tsanani a Kano, ya shigo Katsina, yana shaƙe yaran da akasarinsu ba a yi musu allurar jarirai ba. Wannan cuta ce da rigakafinta ke nan kyauta a asibitin sha-ka-tafi. Yaran da ta kashe, rashin tsaro da rashin yarda ne suka raba su da allurar.

Abin da ya rage gare mu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da nake roƙo, kowa da nasa kason.

Iyayenmu hakimai, a kafa zama na dindindin a kowace gunduma, ko da sau ɗaya a wata uku, wanda zai haɗa limaman Juma'a na Izala da Tijjaniyya da Ƙadiriyya, da alarammomin tsangaya, da shugabannin Kirista inda suke, da arɗoɗin Fulani, da shugaban asibiti, da malamai mata na Islamiyya da ungozomomi. A saba da juna tun ana zaune lafiya, ta yadda ranar da labari mara daɗi ya zo, liman zai ji shi daga bakin likitan da ya sani kafin ya ji shi a matsayin doka.

Malamanmu, kafin maganar lafiya ta hau mumbari, a tambayi ma'aikacin lafiya Musulmi mai tsoron Allah, suna nan a cikin sahunku. Wanda ya faɗi abu ya gane ba haka ba ne, ya warware shi a kan mumbarin da ya faɗa, da ƙarfin muryar da ya faɗa. Kuma ku ci gaba da faɗa wa masu mulki gaskiya a kan tsaro da yunwa, domin malamin da aka san yana tsawata wa gwamnati shi ne jama'a za su gaskata ranar da ya ce wannan karon gwamnati ta yi daidai.

'Yan siyasarmu, daga kansila zuwa gwamna, dokar da kuka kafa ta fara aiki a kanku, a bikinku da jana'izarku da taron jam'iyyarku. Idan tallafi ya zo, a karanta adadinsa da sunayen masu karɓa a ƙofar mai unguwa, ba tare da duba katin jam'iyya ba. Kada a ɓoye adadin mamata don kare sunan gwamnati. Kuma ku sani, a yankin da ya jingina da dajin Rugu, tsaron hanya shi ne matakin farko na kiwon lafiya. Inda ma'aikaci ba zai iya shiga ba, allura ba za ta shiga ba.

Ma'aikatan lafiya, Allah ya saka muku, wasunku sun yi aiki da ransu a hannu. Idan uba ya tambaye ku me ya sa ake bin sa gida da ɗigon kyauta alhali maganin zazzaɓi sai ya saya, kada ku hantare shi, tambaya ce mai ma'ana. Ku amsa masa, ku kuma kai tambayar sama. Ku faɗa wa uwa tun da wuri cewa allura na iya sa ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, don kada ta ji bayanin daga bakin mai jita-jita.

Matasa, wayar da ke hannunku amana ce. Saƙon da ba ku san asalinsa ba, ya tsaya a kanku. Iyaye maza da mata, allurar jarirai a mako 6 da 10 da 14, da ta ƙyanda a wata 9, haƙƙin yaro ne a kanmu kamar suna da ciyarwa. Maigida ya ba da izini da kuɗin mota, in da hali ya raka.

Kammalawa

Ya jama'a, addininmu bai taɓa hana mu kare rai ba, kare rai ma yana cikin manyan manufofin Shari'a. Siyasa kuma, idan an yi ta da gaskiya, ita ce hanyar da allura da ruwan sha da tsaro za su iso ƙauye. Abin da ya cuce mu a 2020 shi ne kowane ɓangare ya yi magana shi kaɗai, a gaban jama'ar da aka daɗe ana saɓa wa alkawari. Gyaran ba ya jiran Abuja. Hakimi da liman da shugaban asibiti duk suna cikin wannan ɗaki, kuma ina roƙon kada a watse yau sai an sa ranar zaman farko.

Allah ya jiƙan waɗanda annoba ta ɗauke da waɗanda aka kashe a garuruwanmu. Allah ya dawo mana da zaman lafiya, ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu da gonakinsu, ya ba shugabanninmu adalci, ya ƙara wa malamanmu basira. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, Allah ya amfanar da mu da shi.